Rufe Littafin Ka Ga Abin da Ya Zauna: Yadda Ɗan Sakandare Zai Yi Bita Kafin WASSCE

Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na matasa da ilimi na wannan mako. Mun sa shi a rubuce ne saboda ɗaliban da shirin ya wuce su suna aji, da kuma iyayen da suka ce a ba su a takarda su ajiye wa yara. Gaisuwa ta musamman ga 'yan aji uku na Salaga da Yendi da Bawku, da masu kama mu a rediyo ko a waya daga ƙetaren iyaka, ta wajen Sankasi a Togo da Bitu a Burkina Faso. Ku naku BAC ne, namu WASSCE, amma ƙwaƙwalwar da za ta shiga ɗakin jarrabawar iri ɗaya ce, don haka maganar ta shafe ku.

Kukan da ya fi yawan zuwa mana daga ɗalibai guda ɗaya ne: ana karatu, amma ba ya zama. Yaro ya kwana a kan littafi, ya ja layi da jan biro, ya karanta babi ɗaya sau biyar, ranar gwaji kuma a ɗora masa takarda ya ji kansa fayau kamar an share. Sai ya ce shi ba shi da kai, wani ma ya ce an yi masa hannu. To ƙannena, yawanci ba kan ne da laifi ba, hanyar ce. Abin da za mu faɗa yau a taƙaice shi ne: karatun da ke zama shi ne wanda ka rufe littafi ka jawo shi daga kanka, ka huta masa, ka sake jawo shi bayan 'yan kwanaki. Sauran bayanin duk a kan wannan yake.

Abin da ake nema a jarrabawar

Mu fara da sanin inda aka dosa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ke shirya WASSCE a Ghana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya da Laberiya. A tsarin da aka saba da shi a nan Ghana, ɗalibi yana rubuta darussan dole guda 4, wato Turanci, Lissafi, Kimiyya da Ilimin Zamantakewa, sannan darussan zaɓi na ɓangarensa, galibi su ma 4. Sabuwar manhajar da aka fara da ita a 2024 ta zo da wasu canje-canje, saboda haka 'yan ƙananan azuzuwa su zauna da malamansu su san takardun da ke jiransu.

Sakamako yana tafiya daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an ce ka wuce, amma ba sa buɗe maka ƙofar yawancin kwasa-kwasan digiri. Jami'o'i irin su UDS da ke Tamale, ko KNUST a Kumasi, ko Legon, suna neman kiredit a darussa 6: uku daga na dole, ciki har da Turanci da Lissafi, da uku daga na zaɓi. Ana haɗa lambobin, A1 maki 1, B2 maki 2, da sauransu, kuma mai ƙaramin jimla shi ke gaba. Mai son kwalejin horar da malamai ta Gbewaa da ke Pusiga, ko makarantar jinya ta Kpembe kusa da Salaga, ko ta Bawku, shi ma waɗannan darussan dole za su tare shi a ƙofa.

Me wannan ke nufi? Yana nufin yarinyar da ta kwashe A1 a duk darussan zaɓinta amma ta samu D7 a Lissafi za ta iya zama a gida shekara guda tana jiran Nov/Dec, jarrabawar masu zaman kansu, wadda sai an biya kuɗin rajista, sau da yawa har da kuɗin lesin. Tun Satumbar 2017 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin sakandare, amma kuɗin gyaran takarda daga aljihun baba ko jarin inna yake fita. Wani gidan buhunan masara ne za su tafi, wani gidan kuma daga nan karatun ya tsaya ke nan. Don haka darasin da ka fi tsoro shi ne ya fi cancantar lokacinka mafi kyau. Yawancinmu akasin haka muke yi, mu liƙe wa wanda muke jin daɗinsa, mu bar mai wuyar sai gobe.

Me ya sa karatu ke zubewa?

A 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna nawa suka rage bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan wata ɗaya. Ya gano mantuwa tana yin gudu sosai a farko, a awannin farko da ranar farko, daga baya ta rage sauri. Ya kuma gano in an sake waiwayar abu bayan an ɗan huta masa, koyonsa na biyu ya fi sauƙi, kuma ya fi daɗewa. Ke nan mantuwa ba ciwo ba ce, haka aka halicci kan kowa, har da na ɗaya a ajinku.

Amma wace irin waiwaya? A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗar kansu. In ka karanta shafi sau huɗu, idonka ya saba da shi. Kana ganin kalmar sai ka ji ai na san wannan. Ganewa daban, iya fitarwa daban. Kamar mutumin da kake gani kullum a tasha ne, ka san fuskarsa sarai, amma a ce ka faɗi sunansa sai ka tsaya sosa ƙeya. Ɗakin jarrabawa kuwa suna ake tambaya, ba fuska ba.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada wannan da ɗaliban jami'a. Sun ba su gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi ta maimaita karantawa zama huɗu. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya kawai, sannan aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka dawo bayan mako ɗaya sai labari ya juya: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin 100, masu rufe takarda su jawo daga ka sun tuna kashi 61. Abin lura, masu maimaitawar su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin karatu guda 10 da ɗalibai ke bi. Biyu ne suka fito a sama: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kwanaki. Jan layi da maimaita karantawa, waɗanda muka fi yi, suna cikin na ƙasa.

Makarantar allo ta riga mu sani

To wannan ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Salaga ba da goro kaɗai ta yi suna ba, gari ne na malamai tun zamanin fatake. A can Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna ya koyar kafin ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo a zangon Salaga ko Yendi ko Bawku, ko ya leƙa ta maƙwabta, ya san tsarin. Ana rubuta maka kaɗan, daidai abin da za ka iya ɗauka. Ba a ba ka izinin wanke allo sai ka biya gaban malam babu gargada. Mai hadda kuwa sai ya kife allon ya kawo da ka. Bayan haka ba a ce an gama ba, akwai tishi, akwai tilawa, ana komawa baya a kai a kai don kada na jiya ya gudu.

Ka duba da kyau, abubuwan nan biyu da masanan Amurka suka sa a sama su ne nan: kife allo, da komawa baya lokaci bayan lokaci. Abin mamaki, yaron da ya yi wannan yana ɗan shekara 8, da ya shiga sakandare sai ya ajiye shi a ƙofar makaranta, ya koma kallon littafi kamar mai kallon talabijin.

Sai dai a kula. Ba muna cewa a haddace littafin Kimiyya baƙi da baƙi ba. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira tauna ka zubar, kuma WAEC ta iya juya tambaya ta yadda mai hadda kawai zai rasa ƙofar shiga. Fahimta ce farko. In malami ya yi bayanin yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, ka tabbata za ka iya faɗa wa ƙanwarka da Hausa ko Dagbani ko Kusal ko Gonja har ta gane. In ka iya wannan, ka fahimta. Sannan ka mayar da shi Turanci a rubuce, littafi a rufe, da kalmomin da darasin ke buƙata.

Yadda ake yi a aikace

Ga hanya mai sauƙi da ba ta cin ko sidi ɗaya. Ka ɗauki babi ɗaya, ko rabinsa in yana da tsawo. Ka karanta a natse sau ɗaya, inda ba ka gane ba ka sa alama don ka tambayi malami. Sai ka rufe littafin, ka ɗauko farar takarda, ka rubuta duk abin da ka tuna: ma'anoni, matakai, zane da sunayen sassansa. Za ka ji wuya, kanka zai yi nauyi, za ka so ka leƙa. Kada ka leƙa. Wannan wahalar ita ce karatun. Kamar jan guga ne a rijiyoyin Salaga, nauyin da ka ji a hannu shi ne alamar ruwa na tahowa.

In ka ƙare, ka buɗe littafin ka gwada. Abin da ka manta ko ka kuskure, ka cike shi da biro mai wani launi. Wannan launin shi ne aikinka na gobe, ba sai ka sake bin babin gaba ɗaya ba.

Sai maganar komawa baya. Abin da ka karanta yau, ka jawo shi gobe na minti 10. Ka sake bayan kwana 3, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ka rubuta ranakun a saman takardar don kada ka dogara da tunawa. 'Yan Bawku ma kuna da agogo a gari: kasuwa tana ci duk bayan kwana uku, to ku mai da ranar kasuwa ranar tishi, ba sabon babi, sai waiwayar na baya.

Ga abubuwan da ke son riƙewa daidai, irin su ƙa'idojin Lissafi, alamomin sinadarai da shekarun tarihi, ka yanka kwali ƙanana. Tambaya a gaba, amsa a baya. Ka samu ambulan uku. Wanda ka kasa ya zauna a na farko, kullum za ka gan shi. Wanda ka ci ya wuce na biyu, sai bayan kwana uku. In ka sake ci ya wuce na uku, sai mako-mako. Duk ranar da ka kasa shi, ya dawo na farko. Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a 1972, kuma kwalin sabulu ko na shayi ya ishe ka yin ta.

Fasko: a yi shi da agogo

Tsofaffin tambayoyin WAEC, fasko kamar yadda muke cewa, su ne kayan aikin da suka fi kowanne, amma ana ɓata su. Ɗalibi ya buɗe tambaya, ya juya baya ya karanta amsa, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wannan maimaita karatu ne ya sake riga. Fasko amsa shi ake yi, a rubuce, da agogo a gaba, sannan a duba.

Ɗauki Lissafi na dole. Takardar zaɓi-ɗaya tana da tambayoyi 50 a awa ɗaya da rabi, wato ƙasa da minti 2 kowace tambaya. Takarda ta biyu ana amsa tambayoyi 10 a awa biyu da rabi, minti 15 ke nan kowace. Wanda bai taɓa gwada kansa da wannan ma'auni ba, ranar zai ji an ce a ajiye biro yana tambaya ta shida. Kuma a Lissafi ana ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka ka saba da nuna aikinka layi bayan layi. Wani abu kuma, kada ka yi tambaya 20 iri ɗaya a jere. Ka gauraya: ɗaya ta kusurwa, ɗaya ta riba da faɗuwa, ɗaya ta ƙididdiga. A jarrabawa ba wanda zai gaya maka wane babi tambayar ta fito, gano hakan ma rabin aikin ne.

A Turanci, insha'i ana son kalmomi kamar 450, kuma makinsa 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshen, 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin tsayawa. Waɗannan 10 na ƙarshe da kaɗan-kaɗan ake zaftare su, kuskure bayan kuskure, har su ƙare. Maganinsa shi ne ka rubuta insha'i ɗaya duk mako, ka kai wa malami ya sa jan biro, ka buɗe shafi na musamman a bayan littafinka inda kake tara kurakuranka. Bayan wata za ka ga guda biyar ko shida ne ke ta dawowa. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ga takardar saurare kuwa, ka riƙa jin labaran Turanci a rediyo minti 10 kullum, in an gama ka faɗi kanun da bakinka.

Akwai kuma rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka yi rauni a kowane darasi. Ku tambayi shugabannin sassa a makarantunku, ko a Sakandaren Salaga kuke, ko T.I. Ahmadiyya, ko Sakandaren Yendi, ko Dagbon State, ko Sakandaren Bawku. Wanda zai duba takardarka ya gaya maka abin da ke ba shi haushi, ai ka samu hanya.

Lokaci, a irin zaman da muke yi

Mun san ba a Accra muke cikin ɗaki mai sanyi ba. A watan Maris da Afrilu zafi a nan arewa yakan kai digiri 40, da rana tsaka kai ba ya ɗaukar komai. Wuta tana ɗaukewa. Ɗan jeka-ka-dawo yana da gona, yana da shago, yana da aike. A Bawku in an sa dokar hana fita, lesin yamma da karatu a gidan aboki duk sun tsaya. Tsarin shiga makaranta rukuni-rukuni da aka kawo a 2018 ya sa wasu ɗalibai zaman gida na makonni masu yawa a tsakiyar shekara. Duk wannan gaskiya ne. Shi ya sa hanyar da muke faɗa ta dace da mu, domin ba ta neman dogon zama, kuma rabinta ba ya neman haske. Kwalayenka suna aljihu. Kana kan hanyar gona ko kana jiran layin famfo, za ka iya jawo matakan narkewar abinci daga kanka.

Mu yi ɗan lissafi. Wanda ya yi awa 2 kullum na wata 5 ya tara awa 300. Wanda ya bari sai saura mako biyu ya fara kwana zaune, awa 8 kowane dare, ya tara 112, kuma rabinsu gyangyaɗi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka raba awa biyun nan gida-gida: minti 25 ko 30 na aiki, minti 5 na miƙe ƙafa. Mai wuya ka sa shi da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi kuma gida bai tashi ba. 'Yan makarantar kwana, lokacin firef na dare kada ya tafi a kwafar rubutun da aka bari. Ku ware rabinsa na rufe littafi. In azumi ya faɗo cikin lokacin bita, bayan sahur zuwa fitowar rana lokaci ne mai kyau ƙwarai, da yamma kuma a yi mai sauƙi.

Barci kuma ba ɓata lokaci ba ne. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta ɗauka da rana ta ajiye shi. Likitocin barci na Amurka sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Mun san a makarantar kwana da wuya a samu haka, amma kada ka rage ɗan wanda kake samu da ataya mai kauri da lemon ƙarin kuzari. Ido zai buɗe, kan kuwa a rufe yake. Masu cewa tiramol yana sa a jure karatu kuwa, ƙarya suke yi maka. Ƙwaya ce mai kama mutum, ta raba shi da karatun da lafiyar gaba ɗaya.

Waya fa? Ga ɗan jeka-ka-dawo da mai hutu a gida, ita ce babbar ɓarauniya. Ka ce bari in duba ma'anar kalma ɗaya, sai ka farka a TikTok bayan minti 40. In za ka zauna karatu, ka ba inna ta riƙe, ko ka bar ta a wani ɗaki. Kalmomin da kake son dubawa ka rubuta su gefe, in ka tashi ka duba su gaba ɗaya.

Karatun taro

Ƙungiyar karatu tana da amfani in ba ta koma majalisa ba. Mutum uku zuwa biyar sun isa. Kowa ya zo da tambayoyi biyar da ya shirya daga babin da aka yi alkawari. Littattafai a rufe, a yi ta jefa wa juna. Wanda ya fi gane wani abu ya tashi ya koyar, sauran su yi masa tambayar ƙure. Mai koyarwar ma shi ya fi cin riba, don ba abin da ke tona ramin da ke cikin saninka kamar ka tsaya gaban mutane kana bayani. Kuma kada kunya ta hana ka cewa ban gane ba. Matambayi ba ya ɓata. Gara abokanka su yi maka dariya yau da ka ga F9 a takarda.

Maganar apo

Duk shekara in jarrabawa ta matso, sai masu sayar da apo su fito a WhatsApp da Telegram, wai suna da tambayoyin gobe, a turo kuɗi ta waya. Da yawansu tsofaffin tambayoyi suke sake wa kwanan wata. Ɗalibi ya kwana yana haddace amsar da ba za ta fito ba, ya shiga ɗaki a gajiye, abin da ya sani ma ya gudu. In kuma ta fito, ba a tsira ba. WAEC tana riƙe sakamako, tana soke darasi, wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa kuwa sakamakonsa gaba ɗaya ake sokewa. Dokar WAEC ta 2006 ta mai da satar jarrabawa laifin da kotu ke hukuntawa. A 2015 takardu 5 na BECE aka soke saboda sun fita kafin lokaci, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka sake zama. Shekara uku na wahala, kada ka sayar da su a kan saƙon wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Ga iyayenmu

Iyayenmu maza da mata, da girmamawa muke roƙo. Ba sai kun iya Turanci ko Lissafi za ku taimaka ba. Malamin allo yana sauraron hadda, ku ma za ku iya sauraro. In yaro ya dawo, ku ce ya rufe littafi ya gaya muku abin da ya koya yau da harshen gida. In ya yi ta inda-inda, kun san bai zauna ba. In ya yi bayani har kuka gane, to ya zauna.

Sannan a duba 'yan mata. A gidaje da yawa yarinya 'yar aji uku ita ce ɗebo ruwa, ita ce tuwo, ita ce wanke-wanke, ita ce tallan koko da safe, ɗan'uwanta namiji kuma yana zaune da littafi. Takarda ɗaya za a ba su, ba a rage mata tambaya ko ɗaya. A 'yan watannin nan a raba aikin, a ba ta awa biyun nan cikakku, da fitila mai caji tata ta kanta. Ma'aikaciyar jinyar da muke nema in dare ya yi a asibitin Yendi ko na Salaga, daga irin waɗannan awa biyun take fitowa.

Ƙannena, ga aikin gida kafin mu sake haɗuwa. Yau da dare ka zaɓi babi ɗaya daga darasin da ka fi tsoro. Ka karanta, ka rufe, ka rubuta, ka gwada, ka sa kwanan wata. Gobe ka sake jawo shi, haka ma bayan kwana uku. In mako ya zagayo ka ɗauko sabuwar farar takarda ka ga abin da zai fito, ka ajiye ta kusa da ta ranar farko. Ku turo mana abin da kuka gani, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu ɗauki takardar Kimiyya ta gwaje-gwaje mu bi ta dalla-dalla. Allah ya ba da sa'a, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. A huta lafiya.